Yanke jijiya don busar da tafin hannu: ina gumin yake komawa?

Akwai mutumin da idan aka sallame salla, jama'a suka fara miƙa wa juna hannu, shi gabansa faɗuwa yake yi. Zai yi wuf ya goga tafinsa a cinyar wando sannan ya miƙa, amma kafin hannun ya isa ya sake jiƙewa sharkaf, ga sanyi kamar an tsamo shi daga randa. Wanda ya karɓi hannun ba zai ce komai ba, sai dai ya faki ido ya goge nasa a gefen riga. Mai hannun kuwa ya gani. Kullum yana gani.

Tun yana firamare yake fama. Takardar littafinsa ta jiƙe ta yi laushi, tawada ta cuɗe, a ɗakin jarrabawa sai ya ninke hankici ya sa ƙarƙashin hannu kafin ya iya rubutu. Ya girma, na'urar ɗaukar zanen yatsa a banki ta ƙi karanta yatsansa sai an gwada sau biyar, layi na bayansa yana tsaki. In tela ne, farin yadi ba ya fita daga hannunsa da tsabta. In mai gyaran waya ne, ɗan sukurun da zai ɗaure yana sulɓe masa. Ga kuma karin maganar da ke jiransa a bakin abokan wasa, wai marar gaskiya ko cikin ruwa gumi yake yi. Alhali bawan Allah bai ci na kowa ba. Larura ce, likitoci na kiranta haifahidirosis, wato gumin da ya wuce abin da jiki ke buƙata don ya huce.

Fatar ɗan Adam tana ɗauke da maɓuɓɓugan gumi tsakanin miliyan 2 zuwa 4, kuma tafin hannu da na ƙafa na cikin wuraren da suka fi cunkushewa. Abin mamaki shi ne, idan aka duba fatar mai wannan larura, maɓuɓɓugan nasa ba su fi na kowa yawa ba, ba su fi girma ba. Lafiyarsu ƙalau. Umarni ne yake yi musu yawa. Akwai wani rukunin jijiyoyin saƙo (ba na jini ba, don mu Hausawa duka jijiya muke ce musu) da ke aiki ba da izinin mutum ba: su ne ke sa zuciya ta yi sauri idan kare ya biyo ka, su sa baki ya bushe, su sa tafi ya yi gumi. Sunansu simfatetik. A jikin mai larurar, wannan layin ne yake aika saƙo babu ƙaƙƙautawa, ko ana sanyin hunturu, ko yana zaune hankali kwance.

Ana gane irin wannan da wasu alamomi. Yana farawa tun ƙuruciya ko lokacin balaga, yawanci kafin shekara 25. Yana kama hannu biyu daidai wa daida. Sau da yawa akwai wani a dangi mai irinsa. Sannan babbar alama, idan mutum ya yi barci gumin yana tsayawa. Wanda kuwa gumi ya fara masa da girma, ko yake jiƙa shimfiɗa da dare, ko gumin ya game jiki duka tare da rama ko zazzaɓi ko bugun zuciya, wannan wata magana ce daban. A nemi tarin fuka, a duba maƙoshi, a auna suga, a tambayi magungunan da yake sha, in mace ce a duba ko al'ada ce ke shirin ɗaukewa. Tiyatar yanke jijiya da za mu yi magana a kai ba ta shafe su ba ko kaɗan.

To, ina layin yake bi? A cikin ƙirji, dama da hagun ƙashin baya, akwai wata siririyar igiyar jijiya mai ƙulli-ƙulli kamar carbi, ta sauko daga wuya tana hawa kan tushen kowane haƙarƙari. Saƙon gumi yana fitowa daga ƙwaƙwalwa, ya gangaro ta laka, ya shiga wannan carbin, ya haura, sannan ya bi jijiyoyin hannu har zuwa tafi. Saƙon da ke zuwa hannu yana ratsawa ta wajen haƙarƙari na 2, na 3 da na 4. Dabarar ke nan: a katse igiyar a daidai nan, umarni ya daina isa.

Yadda ake yin aikin a yau, wanda ake taƙaita sunansa na Turanci da ETS (yanke jijiyar simfatetik ta cikin ƙirji da kyamara), ba ya ɗaukar lokaci. A sa mutum barci gaba ɗaya, a ɗaga hannayensa. A huda ƙarƙashin hammata wuri ɗaya ko biyu, kowace huda ba ta wuce santimita ɗaya ba, wani lokacin rabin haka. A sa huhun wannan ɓangaren ya saki iska ya lafa gefe don a sami fili, a zura siririyar kyamara tsakanin haƙarƙari. A allon talabijin likita zai hango igiyar, fara-fara, kwance ƙarƙashin wata siririyar tantani. Ya ƙirga haƙarƙari daga sama, ya tsaya inda ya nufa, ya yanke da ƙarfe mai zafin lantarki, ko ya matse ta da ɗan maƙalin ƙarfen titaniyam. Wasu kan manna ma'aunin zafi a yatsan majinyacin, don da zarar an katse jijiyar, jijiyoyin jinin hannu suna buɗewa, yatsan ya ɗumama nan take. A hura huhu ya koma yadda yake, a juya ɗaya ɓangaren. Duka-duka abin ba ya cika wuce awa ɗaya, kuma mutum na iya kwana a gida ran nan ko kashegari.

Sai ya farka ya shafa tafinsa ya ji shi a bushe, da ɗumi, karo na farko tun da ya yi wayo. Ba a cika samun aikin tiyata mai nuna sakamako da sauri haka ba. A rahotannin likitoci, waɗanda tafinsu ke bushewa sun kai kashi 95 cikin 100 ko fiye. Wannan adadi gaskiya ne, kuma shi ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe a tallan asibitoci masu zaman kansu.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1920 wani likita a Siwizalan, Anastas Kotzareff, ya yanke wannan jijiya don maganin gumi. Amma a wancan zamani sai an yi babban yanka ta wuya ko ta baya, wani lokacin a cire guntun haƙarƙari, abin da mutum ba zai yarda da shi ba don gumin hannu sai in ya kai maƙura. Leƙa ƙirji da madubi kuwa Hans Christian Jacobaeus ne ya fara shi a Stockholm a 1910, kuma masu tarin fuka aka fi yi wa. Erhard Kux na Innsbruck a ƙasar Ostiriya ya haɗa dabarun biyu, har ya wallafa bayanin aiki sama da 1,400 a 1954, ko da yake da yawansu don wasu cututtuka ne daban. Abin bai bazu ba sai da kyamarar bidiyo ta shigo ɗakin tiyata a ƙarshen shekarun 1980. Likitoci biyu a garin Boras na Suwidin, Göran Claes da Christer Drott, suka yi wa dubban mutane, Taiwan ta ɗauka da ƙarfi, Barazil ma haka. Aikin da a da ake jin tsoro ya zama na shiga da safe a fita da yamma.

A nan ne nake ganin kalmar ta yaudari mutane. Idan aka ce ƙaramin aiki ne, raunin da ke fata ake nufi. Abin da aka yi a ciki bai ragu ba ko ƙwayar zarra: jijiyar da Kotzareff ya yanke da babban yanka, ita ce dai ake yankewa ta ƴar huda. Ƙofar shiga ce ta ƙanƙance. Kuma da ta ƙanƙance, sai aka riƙa yi wa mutanen da a da ba za a taɓa su ba, ciki har da yara ƴan makaranta da waɗanda fuskarsu ke yin ja don kunya.

Sai ƙorafi ya fara fitowa. Hannu ya bushe, amma baya ya zama kogi. Ciki, ƙirji daga nono zuwa ƙasa, ɗuwawu, cinyoyi, bayan gwiwa, wuraren da a da ba su dami mutum ba, suka fara zubar da gumi. Wannan shi ne gumin fanshe. Wani nasa kaɗan ne, ɗan danshi a baya lokacin zafi, kuma zai gaya maka ya ci riba, ko yau aka ce ya sake zai sake. Wani kuwa sai ya canza riga sau uku a wuni, ya daina sa tufafi mai haske, ya tashi daga kujera ya bar shaida. Akwai waɗanda jikinsu ke rabuwa biyu kamar an ja layi: daga ƙirji zuwa sama a bushe ƙamas, daga nan zuwa ƙasa a jiƙe. Gumin tafi aƙalla ana iya ɓoye shi a aljihu. Jiƙaƙƙen wando a gaban jama'a fa?

Mutum nawa ne ke samun wannan? Ƙungiyar likitocin fiɗar ƙirji ta Amurka, a matsayar da ƙwararrunta suka fitar a 2011, ta nuna cewa rahotanni sun bambanta daga kashi 3 har zuwa kashi 98 cikin 100. Ka ji tazara! Tazarar da kanta tana ba da labari. Ya danganta da wa ya yi tambayar, yaushe ya yi ta, kuma me ya kira gumi. Likitan da ya yi aikin, ya tambayi majinyaci wata ɗaya bayan tiyata, a lokacin sanyi, yana cikin murnar busasshen hannu, amsa ɗaya zai samu. Wani daban da ya aika takardar tambaya bayan shekara biyar, wata amsar zai samu. Abin da mafi yawan masu aikin suka yarda da shi a yau shi ne, galibin waɗanda aka yi wa za su sami wani abu na gumin fanshe, kaɗan ko da yawa, kuma wani ƙaramin kaso zai same shi mai tsananin da zai sa su yi da-na-sani. Matsalar ita ce babu awon jini ko hoton da zai nuna tun kafin a shiga wa zai faɗa cikin wannan kaso.

Dalilin faruwarsa ma ana muhawara a kai. Bayani mafi sauƙi shi ne jiki dole ya fitar da zafi: in aka rufe hannu da wani ɓangare na sama, sauran wuraren su ɗauki nauyin, kamar unguwar da aka toshe mata kwata ɗaya ruwan ya nemi wata. Amma wannan bai isa ba, don gumin da ke fitowa a baya yakan fi wanda aka tsayar a tafi yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa wasu masu bincike ke ganin igiyar ba saƙon tafiya kaɗai take ɗauka ba, tana kuma mayar da rahoto ga cibiyar da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa. An yanke hanyar rahoton, cibiyar ba ta jin "ya isa haka", sai ta ci gaba da buɗe famfo a duk inda take da iko.

Wannan bayani ya dace da wani abu da aka lura da shi a aikace: iya hawan yankan sama, iya tsananin fanshen. A farkon yaɗuwar aikin, haƙarƙari na 2 ake nufa, wasu ma su cire ƙulli biyu ko uku a jere don su tabbatar. Hannu yana bushewa ƙayau, wani lokacin har ya riƙa tsagewa sai an shafa mai, kuma gumin fanshe ya yi muni. Daga baya aka riƙa saukowa. Matsayar 2011 ta ba da zaɓi biyu ga mai gumin tafi: a yanke a kan haƙarƙari na 3, hannu ya fi bushewa amma haɗarin fanshe ya fi, ko a kan na 4, hannu ya rage ɗan danshi kamar na kowa, fanshen ya yi sauƙi. Ni dai a ganina, ɗan danshin nan ba aibu ba ne. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ƙirga sababbin kuɗi ko buɗe leda da busasshen yatsa lokacin hunturu ya san amfaninsa.

Sai maganar maƙalin ƙarfe. A 1998 wani likita a Taiwan, Chien-Chih Lin, ya ba da shawarar a daina yankewa, a matse jijiyar kawai, don in mutum bai ji daɗin sakamakon ba a koma a cire. Tunani ne mai kyau, kuma har yau ana tallata shi da cewa ana iya warwarewa. Sai dai jijiya ba tiyon ruwa ba ce da za ka ɗaga ƙafa ruwa ya ci gaba da gudu. Matsin yana kashe zaren da ke cikinta, tabo ya maye gurbin. Wasu da aka cire wa maƙalin sun ce sun sami sauƙi, wasu ba su ga canji ba. Akwai kuma masu ƙoƙarin dasa guntun wata jijiya daga ƙafa ko daga tsakanin haƙarƙari don haɗa inda aka yanke, aikin da Timo Telaranta na Finlan yake cikin waɗanda suka yi suna a kansa, amma wurare kaɗan ne ke yi, yana da tsada, kuma babu tabbas. Duk mai shiga wannan tiyata ya ɗauka bakin alƙalami ya bushe.

Sauran illolin ba su kai wannan yawa ba, amma a san da su. Wasu kan fara gumin fuska da zarar sun ci abu mai yaji ko tsami. Iska na iya maƙalewa tsakanin huhu da bangon ƙirji har a sa roba a fitar da ita. Bugun zuciya yakan ɗan ragu, don wannan igiya tana da rassa zuwa zuciya, abin da ya kamata ɗan wasan motsa jiki ya yi tunani a kai. In likita ya yi kuskuren ƙirga ya taɓa ƙullin da ke can sama kusa da haƙarƙari na 1, fatar ido ɗaya za ta sauko, ƙwayar idon ta tsuke, abin da ake kira alamar Horner. Wani lokacin gumin tafin yana dawowa, ko dai don jijiyar ta sake tsiro, ko don akwai wata ɓarauniyar hanya da ta kewaye wurin yankan, wadda Albert Kuntz ya bayyana tun 1927. Zubar jini mai yawa ba ya cika faruwa, amma manyan jijiyoyin jini suna nan kusa, kuma an taɓa rasa rayuka. Gumin ƙafa kuwa, wanda kusan kullum yake tafiya tare da na hannu, kada a sa rai: wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu.

A Suwidin, inda aikin ya bunƙasa, waɗanda suka cutu sun kafa ƙungiya, suka yi ta kai kuka, har aikin ya ja baya sosai a ƙasar. Taiwan ta hana yi wa waɗanda ba su kai shekara 20 ba. A wasu ƙasashen ana ci gaba da yi, amma an tsaurara zaɓe. Matsayar Amurka ta siffanta wanda ya fi dacewa: larurar ta fara masa kafin shekara 16, bai kai 25 ba lokacin aikin, ba shi da ƙiba, ba ya gumi cikin barci, zuciyarsa ba ta bugawa ƙasa da sau 55 a minti. Ƙiba tana da muhimmanci a nan, don mai jiki ya fi fuskantar fanshe mai tsanani.

Kada a fahimce ni cewa aikin ba shi da wuri. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Yarinyar da gumi ke ɗiga daga yatsunta har ƙasa, ta kasa riƙe biro, ta daina shiga mutane, ba wanda ya isa ya ce mata ai gumi ne kawai, ki yi haƙuri. Ga irinta, idan komai ya gaza, tiyatar na iya buɗe mata rayuwa. Abin da nake ja da shi shi ne tsallake matakan da ke gabanta.

Matakin farko maganin shafawa ne mai sinadarin alminiyam kulorayid, yawanci mai ƙarfin kashi 20 cikin 100, a shafa a busasshen tafi da dare a wanke da safe. Yana toshe bakin maɓuɓɓugan, yana iya ƙaiƙayi, kuma a tafi mai kaurin fata ba kullum yake isa ba. Na biyu shi ne wanda nake ganin an fi yi wa rashin adalci: jiƙon lantarki, ayontoforesis a bakin likitoci. Faranti biyu ne da ruwan famfo, a tsoma hannu, na'ura ta ratsa da ɗan lantarki marar ƙarfi na minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako, har tafin ya bushe, yawanci cikin makonni biyu zuwa huɗu. Daga nan sai a riƙa yi sau ɗaya ko biyu a mako don kada ya dawo. Yana yi wa mutane da yawa aiki, har da ƙafa, kuma ran da aka daina, jiki ya koma yadda yake ba tare da an rasa komai ba. Aibinsa naci yake so, kuma ba a yi wa mai ciki ko mai na'urar daidaita bugun zuciya. Sai allurar Botox, wadda ke hana jijiya isar da saƙo ga maɓuɓɓugan na wasu watanni, kamar huɗu zuwa shida. Allurai ne da dama a kowane tafi, da zafi, da tsada, kuma riƙon hannu na iya yin rauni na ɗan lokaci. Akwai kuma ƙwayoyi irin su oksibutinin, waɗanda likitocin Sao Paulo suka yi bincike mai yawa a kansu, har suke ba masu gumin fanshe ma. Suna busar da baki, suna iya kawo taurin bayan gida da wahalar fitsari, kuma da yake suna rage gumin jiki duka, mai aiki cikin rana sai ya yi hattara.

Maganar rana ita ce ta fi shafarmu. Gumin tafi na larura bai damu da yanayi sosai ba, shi kuwa gumin fanshe zafi ne ke tayar da shi. Mutumin Stockholm da aka yi wa aikin zai yi fama da shi ƴan makonni a shekara. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga wuta ba ta tsayawa balle fanka ta juya, lissafinsa daban ne. Kuma da yawan masu neman irin wannan aiki daga ƙasashenmu waje suke fita, a yi musu, su dawo cikin mako guda, likitan da ya riƙe wuƙar ba zai sake ganinsu ba balle ya sa su cikin ƙididdigarsa.

Don haka wanda ya kai ga zama gaban likitan fiɗa, akwai tambayoyin da suka fi "zai yi aiki?" amfani, tunda amsar wannan sananniya ce. A wane haƙarƙari za ka yanke, kuma me ya sa can? Mutum nawa ka yi wa, kuma nawa ka sake gani bayan shekara biyu? Cikinsu nawa suka ce da sun sani da ba su yi ba? Wasu cibiyoyi kaɗan suna yin gwaji tukuna: su zuba maganin kashe zafi a kan igiyar ta daina aiki na ɗan lokaci, mutum ya ɗanɗani busasshen hannu da kuma fanshen kafin ya yanke shawara. Gwajin ma shiga ƙirji ne, kuma ƴan kwanakin da yake bayarwa ba sa nuna abin da bazara za ta zo da shi. In da hali, a nemi wanda aka yi wa aikin yake zaune a garin zafi, ya ga bazara biyu bayan tiyatar, a kai masa ziyara da azahar, a gaisa da shi hannu da hannu, sannan a dubi bayan rigarsa.